Motsa Jiki Mai Tsanani Cikin Taro: Ribarsa da Haɗarinsa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar gayya a ƙauyukan ƙasar Anka ko Bukkuyum ko Gummi ya san yadda samari ke jeruwa a bakin gona, kowa da fartanyarsa, makaɗin noma na biye da su yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Gonar da mutum ɗaya zai yi mako bai nome ba, sai a tashe ta kafin azahar, domin babu saurayin da zai yarda a ce shi aka bari a baya. Haka abin yake a fagen dambe da kokawa, inda kiɗa da kirari ke sa ɗan wasa ya manta da gajiya, kamar yadda waƙoƙin Ɗan Anace suka riƙa zuga Shago a zamaninsa. Sai dai akan samu, jefi-jefi, wani ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar aiki, ko kuwa ya wayi gari da ciwon jiki mai tsanani da fitsari mai duhu, a ce sammu ne ko shafar iska.

A yau wannan tsohuwar ɗabi'a ta sami sababbin siffofi. Da sanyin safiya ana ganin rukunin samari a titunan Gusau da Sakkwato da Kano suna gudu suna waƙa, wasu don ƙwallo, wasu don shirin shiga aikin ɗamara. Sababbin kuratan soja a Zariya da masu yi wa ƙasa hidima a sansanoninsu duk cikin taro ake horar da su. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa abin ya zama sana'a, musamman tun daga shekarar 2000 da Greg Glassman ya kafa tsarin CrossFit a jihar Kalifoniya. Wannan maƙala za ta duba abin da ilmin halittar jiki ya gano game da irin wannan horo, da ribarsa, da haɗarinsa, da kuma dalilin da ya sa matasan Bagega da maƙwabtanta suke da buƙatar kulawa ta musamman.

Mene ne motsa jiki mai tsanani?

Masana suna auna tsananin motsa jiki da bugun zuciya. A ƙiyasi, iyakar bugun da zuciya za ta iya yi a minti ɗaya shi ne 220 a ɗebe shekarun mutum. Saurayi ɗan shekara 20 ke nan iyakarsa wajen bugu 200 ce. Idan aiki ya kai zuciya kashi 80 cikin ɗari na wannan iyaka ko fiye, wato bugu 160 zuwa sama ga wannan saurayi, to an shiga matakin tsanani. Akwai ma'auni mai sauƙi wanda ba ya buƙatar na'ura: mai matsakaicin motsa jiki yana iya magana amma ba ya iya waƙa, shi kuwa mai tsananin ba ya iya haɗa kalmomi kaɗan sai ya tsaya ya ja numfashi.

Jiki ba ya iya daɗewa a wannan mataki, saboda haka ake yin horon kashi-kashi: a yi da ƙarfi na ɗan lokaci, a sassauta, a sake komawa. Manomin gayya ma haka yake yi, ya ja kunya da sauri har ƙarshen gona, ya ɗan miƙe ya numfasa, ya kama wata.

Abin da ke faruwa a cikin tsoka

Tsoka ba ta motsi sai da wani sinadari da ake kira ATP, wanda shi ne tamkar kuɗin kashewa na ƙwayoyin halitta. Abin da tsoka ke ajiyewa na wannan sinadari kaɗan ne ainun, saboda haka dole ta riƙa sabunta shi tana cikin aiki, ta hanyoyi uku. Hanya ta farko ita ce amfani da wata 'yar ajiya ta gaggawa wadda ke ƙarewa cikin daƙiƙa 10 ko makamancin haka. Ta biyu ita ce farfasa sukari ba tare da iskar oksijin ba, hanya mai sauri amma wadda ke tara tsami a cikin tsoka har mutum ya ji tana zafi kamar wuta. Ta uku ita ce ƙona sukari da kitse da oksijin a cikin wasu ƙananan gaɓoɓi na ƙwayar halitta da ake kira maitokondiriya, waɗanda za a iya kwatanta su da murhu. Wannan hanya ta uku ita ce mai ɗorewa, amma tana dogara ne da yawan oksijin da huhu da zuciya da jini za su iya kai wa tsoka.

Domin biyan wannan buƙata, zuciyar da ke harba jini lita 5 a minti lokacin hutu takan harba lita 20 zuwa 25 a lokacin aiki mai tsanani. Numfashi kuma, daga lita 6 zuwa 8 na iska a minti, yana iya haura lita 100. Bugu da ƙari, tsoka ba ta mayar da ƙarfin abinci aiki sai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, sauran duka zafi yake zama, wanda dole jiki ya fitar da shi ta hanyar gumi. Waɗannan abubuwa uku, wato nauyin da ke kan zuciya, da yawan iskar da ake shaƙa, da zafin da ke taruwa, su ne tushen ribar wannan horo, su ne kuma tushen haɗarinsa.

Ribar da ake samu

Idan aka maimaita wannan matsi na makonni, jiki yakan sake gina kansa. Zuciya takan ƙara yawan jinin da take harbawa a kowane bugu, ƙananan jijiyoyin jini su yawaita a cikin tsoka, maitokondiriya su ƙaru, tsoka kuma ta ƙara iya janye sukari daga jini. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci wajen kariya daga ciwon sukari, kamar yadda motsa jiki a kai a kai yake taimakawa wajen rage hawan jini.

Abin da ya jawo hankalin masana ga horo mai tsanani shi ne ƙarancin lokacin da yake ci. A shekarar 1996 Izumi Tabata da abokan aikinsa a Japan sun gwada wani tsari da aka samo daga horon 'yan tseren ƙanƙara: daƙiƙa 20 na tuƙa keke da iyakar ƙarfi, daƙiƙa 10 na hutu, a maimaita har sau 7 ko 8, wato kimanin minti 4 ke nan. Bayan mako 6, waɗanda suka bi wannan tsari sun ƙaru wajen iya amfani da oksijin, ba su gaza waɗanda suka riƙa tuƙa keke na awa ɗaya a matsakaicin ƙarfi ba. Har ila yau, ƙarfinsu na aiki ba tare da oksijin ba ya ƙaru da kashi 28 cikin ɗari, abin da ɗaya rukunin bai samu ba.

A shekarar 2007 kuma Ulrik Wisløff da abokan aikinsa a birnin Trondheim na ƙasar Norwe sun gwada horon kashi-kashi ga tsofaffi 27 masu raunin zuciya, a ƙarƙashin kulawar likitoci. Cikin mako 12, masu horo mai tsanani sun ƙaru da kashi 46 cikin ɗari wajen amfani da oksijin, masu matsakaici kuwa da kashi 14. Sai dai wani bincike mafi girma da aka buga a 2017 a kan masu irin wannan ciwo bai ga fifikon mai tsanani a kan matsakaici ba. Abin da za a iya tsayawa a kansa shi ne, horo mai tsanani yana ba da riba irin ta matsakaici cikin gajeren lokaci. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko kuwa mai tsanani na minti 75 zuwa 150, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Minti ɗaya na tsanani ke nan yana tsayawa a madadin minti biyu na matsakaici.

Sirrin taro

Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma kimiyya ta gaskata shi ta wannan fuska. A shekarun 1920 wani masani Bajamushe mai suna Otto Köhler ya gwada 'yan wata ƙungiyar tseren kwale-kwale a Balin, inda ya sa su ɗaga nauyi, wani lokaci kowa shi kaɗai, wani lokaci kuma su biyu ko uku su haɗu a kan sanda ɗaya. Ya gano cewa mai rauni a cikinsu yakan daure fiye da yadda yake yi shi kaɗai, don kada a ce shi ya kayar da rukunin. A shekarar 2010 Emma Cohen da Robin Dunbar da abokan aikinsu a Jami'ar Oksfod sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa 'yan tseren kwale-kwale na jami'ar. Sun auna juriyarsu ga zafin ciwo bayan horo, suka tarar cewa ta fi ƙaruwa idan sun yi tuƙi tare da bugu ɗaya fiye da idan kowa ya yi shi kaɗai, alhali aikin iri ɗaya ne. Masu binciken sun danganta haka da sinadaran endofin waɗanda ƙwaƙwalwa ke saki don dushe ciwo.

Wannan shi ne bayanin abin da gangar noma ke yi wa samari. Kiɗa yana haɗa motsinsu wuri ɗaya, kirari yana taɓa zuciya, idon jama'a yana hana ragwanta. Riba ce babba, domin mutum ya fi ɗorewa a kan horo idan yana da abokai masu jiransa. Amma a nan ne kuma haɗarin yake ɓoye. Ciwo da gajiya da jiri saƙonni ne da jiki ke aikawa cewa an kusa iyaka. Duk abin da ya dushe waɗannan saƙonni, ko ya sa mutum ya ji kunyar saurarensu, to ya cire wa jiki birki. Taro kuma mataki ɗaya yake ɗora wa kowa, alhali a cikin samari talatin akwai wanda ya shekara yana horo, akwai wanda yau ya fara, akwai wanda zazzaɓi bai daɗe da sakinsa ba.

Haɗari na farko: rugujewar tsoka

Ciwon jikin da ake ji kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon aiki ba abin tsoro ba ne, ƙananan tsagewa ne a zaren tsoka waɗanda ke warkewa su bar ta da ƙarfi. Amma idan aikin ya wuce kima, ƙwayoyin tsoka sukan fashe da yawa, su zubar da abin da ke cikinsu a cikin jini. Likitoci na kiran wannan rabdomayolisis. Daga cikin abin da ke zuba akwai mayogulobin, wani jan sinadari da ke riƙe oksijin a tsoka, wanda idan ya isa ƙoda da yawa yakan toshe ƙananan magudananta ya kuma ƙona su. Akwai kuma fotasiyam, wanda yawansa a jini ke iya rikita bugun zuciya. Likitoci biyu, Bywaters da Beall, su suka bayyana alaƙar lalacewar tsoka da mutuwar ƙoda a 1941, a jikin mutanen da gini ya danne lokacin da ake jefa bama-bamai a Landan.

Motsa jiki kaɗai ma yana jawo hakan. A watan Janairun 2011 an kwantar da 'yan ƙwallo 13 na Jami'ar Iowa ta Amurka a asibiti, bayan an sa su tsugunna-tashi sau 100 da nauyi a kafaɗa, jim kaɗan da dawowarsu daga hutun makonni. Dukansu matasa ne ƙarfafa, kuma sun warke, amma abin lura shi ne yadda horo ɗaya ya kayar da mutum 13 a lokaci guda, ba tare da sun tsaya ba. Tsallen kwaɗo da tsugunna-tashi, waɗanda ake yawan amfani da su a nan ƙasar don horo ko don hukunci, suna cikin ayyukan da suka fi yaga tsoka, domin suna sa ta riƙe nauyi alhali tana miƙewa.

Alamomin wannan ciwo su ne zafin tsoka wanda ya wuce na al'ada, da kumburi, da kasala, da fitsari mai launin baƙin shayi ko raguwar fitsarin. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti a ranar, domin ƙarin ruwa da wuri yakan ceci ƙoda. Idan aka yi jinkiri, abin yana iya kaiwa ga wankin ƙoda, wanda ba a samunsa sai a manyan asibitoci, ga shi da tsada.

Haɗari na biyu: zafi

A yammacin Zamfara zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas tsakanin watan Maris da Mayu. Idan iskar waje ta fi fata zafi, jiki ba shi da wata hanyar sanyaya kansa sai bushewar gumi, kuma mai aiki mai tsanani yana iya zubar da lita 1 zuwa 2 a awa. Da damina kuwa, lokacin da aka fi yin gayya, laimar iska takan hana gumi bushewa, sai ya riƙa tsiyaya a banza. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 kuma ƙwaƙwalwa ta taɓu, mutum ya fara sambatu ko tangaɗi ko faɗa ba dalili ko suma, to an shiga halin mutuwa ko rayuwa. Maganin farko shi ne sanyaya shi nan take, a kai shi inuwa, a cire masa tufafi, a tsoma jikinsa cikin ruwan sanyi ko a riƙa kwara masa ana fifita, tun kafin a sami mota. Rabin awa na farko shi ne ke raba wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba.

Jiki yana sabawa da aiki cikin zafi, amma sai ya ɗauki kwana 10 zuwa 14. Shi ya sa kwanakin farko na kowane sansanin horo suka fi haɗari. Azumin watan Ramalana, wanda a shekarun 2023 zuwa 2025 ya faɗo a cikin Maris da Afrilu, yana ƙara wa lamarin nauyi, tun da mai azumi ba zai mayar da ruwan da ya zubar ba sai faɗuwar rana.

Haɗari na uku: zuciya

'Yan Nijeriya ba za su manta da ranar 12 ga Agusta, 1989 ba, ranar da Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana cikin karawa da Angola. Haka Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a birnin Liyon na Faransa a watan Yunin 2003, aka kuma gano cewa yana da kaurin tsokar zuciya. A jikin matasa, irin wannan mutuwa yawanci daga wata naƙasar zuciya ce wadda ba a san da ita ba. A jikin manya kuwa, daga toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ne.

Duk da haka, wajibi ne a sa abin a ma'auninsa. Wani bincike da aka buga a 2000, wanda ya bi diddigin likitoci maza fiye da 21,000 a Amurka, ya nuna cewa mutuwar farat ɗaya tana aukuwa sau ɗaya ne a cikin motsa jiki mai ƙarfi kimanin miliyan ɗaya da rabi. Wani binciken na 1993 ya nuna wanda haɗarin ya fi shafa: ga mutumin da ba ya motsa jiki ko sau ɗaya a mako, aiki mai nauyi yana ninka haɗarin bugun zuciya fiye da sau 100 a cikin awar da ta biyo baya, amma ga mai yi sau biyar ko fiye a mako, ninkin bai kai uku ba. Ma'aikacin ofis mai shekara 45 wanda ya daɗe a zaune, ya tashi rana ɗaya ya shiga sahun samari, shi ne ya fi kowa kusa da haɗari, kuma horon da ake yi a hankali a kai a kai shi ne kariyarsa.

Masu ɗauke da ƙwayar sikila

Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda ɗaya, wato jininsa AS ne. Irin waɗannan mutane lafiyayyu ne, da yawansu ma ba su san matsayinsu ba. Amma idan tsananin aiki ya haɗu da zafi da ƙishirwa, wasu jajayen ƙwayoyin jininsu suna iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyin tsoka. Binciken da John Kark da abokan aikinsa suka buga a 1987, a kan kuratan sojan Amurka fiye da miliyan biyu tsakanin 1977 da 1981, ya nuna cewa mutuwar farat ɗaya lokacin horo ta ninka kusan sau 28 ga masu ɗauke da ƙwayar idan aka kwatanta su da baƙaƙen fata marasa ita. Bayan rundunar ta tsaurara dokokin shan ruwa da hutu da lura da zafi ga kowa da kowa, wani binciken na 2016 a kan sojoji kusan 48,000 bai ga ƙarin mutuwa a cikinsu ba, sai dai haɗarin rugujewar tsoka ya ɗara da kimanin rabi. Darasin a fili yake: tsarin horo ne ke kashewa ko ya kare, kuma mai jinin AS yana iya yin wasa da aikin ɗamara idan an kiyaye ƙa'ida.

Matsalar Bagega da maƙwabtanta

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan mutuwar yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya tabbatar da cewa gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. A ƙauyuka biyu da aka fara bincika, Dareta da 'Yargalma, yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara ɗaya, kuma jimillar yaran da suka mutu a yankin ta kai 400 ko fiye. Bagega, wadda ta fi sauran ƙauyukan girma, ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai a 2013, bayan Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin, sannan aka fara ba yaranta maganin fitar da dalma.

Yaron da yake ɗan shekara 3 a 2010 ya cika shekara 18 a 2025. Waɗanda suka tsira ke nan su ne samarin da a yau ke shiga gayya da dambe da ƙwallo da neman aikin ɗamara, kuma akwai dalilai uku na kula da su. Na farko, dalma ba ta barin jiki da sauri. A cikin jini takan ragu da rabi cikin kimanin wata ɗaya, amma fiye da kashi 90 cikin ɗari na dalmar da ke jikin baligi a ƙashi take, inda take shafe shekaru masu yawa tana komawa jini kaɗan-kaɗan. Na biyu, gaɓoɓin da dalma ke taɓawa su ne waɗanda horo mai tsanani ke matsawa: tana hana jiki ƙera himogulobin mai ɗaukar oksijin, tana tayar da hawan jini, tana kuma raunana ƙoda. A jihar Kwinsland ta Ostareliya, yaran da suka sha gubar fentin dalma a farkon ƙarni na 20 da yawansu sun kamu da ciwon ƙoda bayan sun girma. Ƙodar da ta riga ta raunana ba za ta jure mayogulobin da ƙarancin ruwa kamar lafiyayya ba. Na uku, wanda ke shaƙar iska lita 100 a minti yana shaƙar ƙura ninki goma ko fiye a kan wanda ke zaune. Saboda haka filin ƙwallo ko fagen dambe da ke kusa da wurin daka dutse ko injin niƙa ko tulin ƙasar da aka wanke wuri ne mai haɗari, musamman da rani da lokacin hunturu.

Wannan ba dalili ba ne na hana matasan yankin motsa jiki, domin shi kansa motsa jikin yana cikin abubuwan da ke yaƙar hawan jini. Abin da ake buƙata shi ne duk wanda ya san an taɓa yi masa maganin dalma, ko yana aikin ma'adinai, a auna hawan jininsa da yawan jininsa da lafiyar ƙodarsa kafin ya shiga horo mai tsanani, a kuma zaɓi fili mai nisa da wuraren sarrafa dutse.

Matakan kariya

Idan aka ɗora riba da haɗari a kan sikeli, ribar ta rinjaya ga mafi yawan mutane, muddin aka kiyaye waɗannan abubuwa:

1. Sabon shiga, da wanda ya dawo daga dogon hutu ko jinya, ya fara da kaɗan, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Sannu ba ta hana zuwa.

2. Horo mai tsanani sau biyu ko uku a mako ya wadatar, a bar aƙalla kwana ɗaya a tsakani, domin a lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa.

3. A yi horo da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a ajiye ruwan sha a fili, a kuma ba kowa damar sha. Mai azumi ya jinkirta aiki mai tsanani sai bayan buɗa baki.

4. Mai zazzaɓi ko gudawa ko amai kada ya shiga horo sai ya warke sarai.

5. A guji shan taramol ko wasu ƙwayoyi don ƙarin ƙarfi, domin suna rufe alamomin haɗari. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak kuma suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, saboda haka shansu kafin horo cikin zafi ganganci ne.

6. Kowa ya san nau'in jininsa. Mai hawan jini ko ciwon sukari, da wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko ya suma yana cikin aiki, da wanda wani danginsa ya yi mutuwar farat ɗaya da ƙuruciya, ya ga likita tukuna.

7. Mai horarwa ya raba mutane gwargwadon ƙarfinsu, kada ya mayar da motsa jiki hukunci, kada kuma ya bari a yi wa wanda ya tsaya dariya. Wanda ya faɗi a ɗauke shi a matsayin majinyaci har sai an tabbatar da akasin haka.

Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa motsa jiki mai tsanani yana ƙarfafa zuciya da tsoka cikin ɗan lokaci, taro kuma yana ƙara wa mutum himma da juriya. Ta kuma nuna cewa mafi yawan haɗarin yana faɗa wa wanda bai saba ba, ko wanda zafi da ƙishirwa suka tarar, ko mai wata ɓoyayyiyar lalura a zuciya ko jini ko ƙoda. Kusan dukan waɗannan ana iya gano su ko a kauce musu da abubuwa masu sauƙi: awon jini, da randar ruwa a bakin fili, da inuwa, da shugaba mai lura. Nauyin ya fi hawa kan masu jagorancin taron, tun daga sarkin noma da sarkin dambe har zuwa malamin wasanni da mai horar da kurata, domin su ne ke da ikon cewa a dakata a lokacin da kunya ta hana saurayi faɗa da bakinsa. A ƙauyukan da suka binne ɗaruruwan yara a 2010, waɗanda suka rage sun cancanci wannan kulawa. Rigakafi, in ji masu magana, ya fi magani.